Tsohon diski a sabuwar kwamfuta: abin da ya kusa faruwa a shagona

Yau ba maganar farashin hatsi ko ta lalacewar hanya na zo da ita ba. Wani abu ne da ya faru a shagona nan Maradi, kuma tun ranar nake cewa sai na rubuta shi, don na san cikinmu akwai masu shagon buga takardu, masu ɗaukar hoto, malaman lakwal da ɗalibai da yawa da ke da tsohuwar kwamfuta a kwance, suna tara kuɗin haɗa sabuwa. Kuma na san lissafin da yawansu irin nawa ne: a ciro diskin tsohuwar a sa wa sabuwar, a rage kashe kuɗi, aiki ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Sana'ata buga takardu ce, da fotokopi da sikane. Kwamfutar da na yi shekara goma da ita, ko ordinatar kamar yadda muke cewa nan, na saye ta ne a 2014, ta hannu. Windows 7 ke kanta, diskinta kuma giga 500 ne, an raba shi gida biyu, C da D. Wanda ya sayar mini ya ce duk aikin da na yi in riƙa ajiye shi a D, don ko Windows ya lalace aka sake shi, D ba abin da zai same shi. Na riƙe wannan magana da hannu biyu. Kuma ni mutum ne da ba ya goge komai. Katin biki, takardar neman aiki, kundin ƙarshen karatu na ɗaliban jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, lissafin ƴan kasuwa, duk suna nan, kowace shekara da dosiyenta.

Injin ya sha wuya, gaskiya. Ƙurar hunturu ta shekara goma, zafin watan Afrilu da Mayu cikin shagon kwano, ga ɗaukewar kuran. Daga watan Agustan 2023, lokacin da wutar da ke shigo mana daga Najeriya ta tsaya, kusan kullum a kan gurup ɗin maƙwabcina nake aiki, wuta ta hau ta sauka, ondilar da ke tare mini ita kuma batirinta ya daɗe da mutuwa ban canza ba. Wannan laifina ne, ba na wani ba. A bazarar 2024 wata rana da azahar na ji ƙauri, ekaran ya yi baƙi, shi ke nan. Aka duba aka ce uwar allon ce ta ƙone, wadda masu gyara ke ce wa kart-mer. Na ciro diskin na naɗe shi a tsohon rawani na jefa cikin durowa, na ci gaba da lallaɓa aiki da wata ƙaramar kwamfutar hannu ta aro.

Sai ruwan ƙarshen watan Agustan 2024 ya zo. Mutanen Maradi ba sai na ba ku labari ba, kowa ya san gidajen da suka faɗi da rayukan da aka rasa, Allah Ya jiƙan su. Kamar mako biyu bayan nan wani dattijo, abokin mahaifina marigayi, ya shigo shago ya zauna bisa benci. Muka gaisa, na yi mishi jaje, don na ji ɗakinsa na ƙasa ya faɗi. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce:

"Ɗana, ka tuna wata takarda da na taɓa kawo ma ka sa cikin injinka? Ta gonar nan tawa. Ɗaki ya hwaɗi bisa akwatin, ruwa ya cinye komi. Yanzu ɗiyan mutumen da ya saida min sun taso, sun ce wai jingina ce ubansu ya ba ni, za su maido kuɗɗi su amshi gona."

Wanda ya san rigimar gona a ƙasar nan ya san nauyin wannan magana. Tsakanin "saye" da "jingina" akwai abincin gida guda na shekara da shekaru. Mai sayarwar ya rasu. Takardar ta narke cikin laka.

Na tuna kuwa. Akwai wani lokaci da injin fotokopina ya lalace, na fi shekara ina yi wa mutane dabara: in yi sikane ɗin takarda, in buga ta da firinta. To duk abin da ya bi ta wannan hanya, hotonsa ya zauna cikin kwamfuta. Na ce, "Baba, in sha Allahu tana nan. Amma injin ya mutu, sai na haɗa sabo. Ka ba ni lokaci." Ya ce, "To ɗana, Allah Ya ba da iko." Bai ƙara ko kalma ba. Amma duk ranar Juma'a in ya taso masallaci sai ya biyo ta ƙofar shago ya ɗaga mini hannu, ni kuma na san abin da ɗaga hannun ke tambaya.

A watan Nuwamba na kwashi adashe. Akwai wani yaro, ƙanen abokina, da ya iya haɗa kwamfuta ƙwarai, shi na kira. Muka yi lissafi: akwati, akwatin wuta, uwar allo, ƙwaƙwalwar injin da suke ce wa furosesa, da ram. Da ya zo kan diski na ce a tsallake, ina da nawa. Ya ce, "Yaya, da dai ka ƙara jaka ashirin mun sa SSD." Na ce mishi jaka ashirin ba a ƙasa ake tsintar ta ba, kuma diskin nan lafiyarsa lau, ba shi ya ƙone ba. A raina abin da nake hange shi ne a jona shi, in danna maɓalli, in ga hoton ƴaƴana a fuskar ekaran kamar yadda na bar shi, da duk manhajojina a wurarensu.

Jona shi kam bai ba da wahala ba. Diskin SATA ne, waya biyu kawai: siririya ta bayanai da ke zuwa ga uwar allo, da mai faɗi ta wuta. Irin wannan mahaɗa ta fi shekara ashirin ana amfani da ita, kuma sababbin alluna har yanzu suna zuwa da ita. Wanda diskinsa ya fi nawa tsufa, mai faffaɗar waya kamar ɗamara da allurai 40 da ake kira IDE, shi ne zai tarar babu inda zai soka ta, sai ya nemi ƴar mahaɗa ta musamman.

Muka kunna. Na ji diskin ya tashi, wannan ƴar ƙarar da na saba da ita shekara goma, har na yi murmushi. Amma injin ya ce bai ga abin da zai tashi da shi ba.

Yaron ya yi mini bayani, kuma daga baya na bi na fahimta da kaina. Kowace uwar allo tana da wata ƴar manhaja a jikinta wadda ke fara farkawa kafin Windows, ita ke neman diski ta miƙa mishi ragama. A tsofaffin injuna sunanta BIOS, a sababbi UEFI. Shi kuma diski yana da ɗan teburi a farkonsa da ke faɗin yadda aka raba shi, ina C ya fara, ina D ya ƙare. Tsohon salon teburin sunansa MBR, tun shekarun 1980 ake amfani da shi, ba ya iya riƙe abin da ya wuce tera 2. Sabon salon sunansa GPT. To sabon allo yana neman GPT, diskina kuma da MBR aka rubuta shi. Kamar ka kai wa ma'aikacin da boko kaɗai ya iya takarda da ajami: takardar ba ta da laifi, shi ma ba shi da laifi.

Ya shiga saitin allon ya kunna wani zaɓi da ke sa shi ya yi koyi da tsohon salo. Wannan karon tambarin Windows 7 ya fito, launukan nan huɗu suka fara haɗuwa, zuciyata ta yi fari. Ba a yi daƙiƙa biyar ba ekaran ya koma shuɗi da rubutu fari, lamba a ƙasa mai ƙarewa da 7B, injin ya sake tashi. Sau huɗu muna gwadawa.

Abin da ban sani ba a da shi ne, Windows ba kaya ba ne da ake zubawa a buhu a ɗauka a kai wani gida. Ranar da aka girka shi, yana auna injin da ya tarar ne ya ɗauki ƴan manhajojin da za su yi magana da kowane sashe: wannan na allo, wannan na hoto, wannan na hanyar da ake bi a karanta diskin kansa. Ka ɗauke shi ka kai wani allo, sai ya farka ya tarar ko hanyar komawa diskin da yake zaune a kai bai sani ba. Ma'anar lambar 7B ke nan. Kuma ko da ya tashi, Windows 7 bai san sababbin mahaɗun USB ba, sau da yawa kilabiye da linzami ba za su motsa ba. Ga shi kamfanin Microsoft ya daina kula da shi tun 14 ga Janairun 2020. Windows 10 ya fi shi haƙuri nesa, sau da yawa in aka kai shi sabon inji yakan yi ƴan mintuna yana daidaita kansa ya tashi, ko da yake lasisinsa kan iya faɗuwa tunda a jikin tsohon allo aka ɗaure shi. Shi ma dai wa'adinsa ya cika tun 14 ga Oktoban 2025.

Yaron ya ce, "Yaya, mafita ɗaya ce. Mu wanke C mu sa Windows 11. Kayanka ai suna D ko?"

Na ce suna D.

Ya maida saitin allon yadda yake, ya soka kile ɗinsa, muka bi matakai har muka zo inda ake zaɓen wurin da za a girka. Ya zaɓi C. Sai wani rubutu ya fito a ƙasa cewa ba za a iya girka Windows a wannan diski ba, saboda teburinsa MBR ne. Yaron ko a jikinsa. Ya ce wannan kullum suna gani, minti ɗaya ne. Ya danna wasu maɓallai, wata baƙar taga ta buɗe, ya fara rubutu da sauri irin na wanda hannunsa ya saba. Ina tsaye bayansa da kofin shayi. Na ga ya rubuta wata kalma, clean. Turancina bai taka kara ya karya ba, amma wannan na san ta, a jikin kwalin sabulu ma ana rubuta ta.

Na ce, "Dakata. Mi za ya wanke?"

Ya ce, "Teburin ne kawai, sai mu juya shi GPT."

Na ce, "Teburin da ka ce shi ke faɗin inda D yake?"

Ya ɗaga yatsansa daga kan maɓallin. Ya yi shiru. Sannan a hankali ya ce, "Wallahi Yaya, har D zai tafi. Na saba yi wa masu sabon diski ne."

Ban yi mishi faɗa ba, kuma har yau ban ga laifinsa sosai ba. Yaro ne mai gaskiya, da wani ne sai ya danna, daga baya ya ce diskin ne dama ya lalace. Aikin da aka ba shi shi ne inji ya tashi, kuma hanyar da ya bi tana tada inji. Ni ne na san abin da ke ciki, ni ya kamata in ce ba za a taɓa komai ba sai an kwafe. Akwai dabarun juya teburin ba tare da an goge kaya ba, ya gaya mini daga baya, amma ko su ba a yin su a kan diskin da ba shi da kwafi a wani wuri.

Na zauna bisa benci, a daidai inda dattijon ya zauna, sai wani abu na biyu ya faɗo mini wanda ya sa gumi ya keto mini. Takardun da nake bugawa da hannuna, su ne nake ajiyewa a D. Amma sikane fa? Manhajar sikane ba ta taɓa tambayata inda za ta ajiye ba. Ita ke zuba kayanta da kanta cikin dosiyen hotuna na Windows. Dosiyen hotuna kuwa, da na takardu, da duk abin da mutum ya watsa a fuskar ekaran, a C suke zaune. Wato ko da rubutun nan bai fito ya tare mu ba, ko da komai ya tafi yadda muka tsara, da bakina na ba da izinin a wanke wurin da takardar gonar take. Abin da ya cece ta shi ne injin ya ƙi.

Don Allah masu cewa "kayana suna D", ku je ku duba yau. Ku duba inda sikane ke ajiya, inda abin da kuka sauko da shi daga intanet ke sauka, inda hotunan da kuka jawo daga salula suke.

Washegari na je na ciwo bashin SSD mai giga 256, jaka ashirin ɗin da na yi wa rowa. Shi wannan ba faranti a cikinsa, ba abin da ke juyawa, ƙwayoyin lantarki ne irin na kile. Yaron ya zare wayoyin tsohon diskin gaba ɗaya kafin ya fara girka Windows. Na tambaye shi dalili, tunda yanzu ba a kansa za a girka ba. Ya ce dalili biyu ne. Na farko, hannu na iya kuskure ya zaɓi wanda ba shi ba. Na biyu, in diski biyu na jone, wani lokaci mai girkawar yakan ajiye ƴan fayilolin tada inji a kan ɗayan, mutum bai sani ba, sai ranar da ya cire tsohon ya tarar sabon ya ƙi tashi. Wannan ita ce shawara mafi amfani da na samu a duk aikin, kuma ba ta cin ko dala.

Cikin rabin awa injin ya tashi. Saurinsa har ya ba ni haushi, don na tuna shekarun da na yi ina kunna kwamfuta in tafi in ɗora shayi kafin ta gama farkawa. Sannan muka kashe, muka maida tsohon diskin a matsayin na biyu, muka tabbatar allon daga SSD zai riƙa tashi. C da D na da suka fito da sababbin haruffa. Diskin MBR ba ya tada sabon inji, amma a matsayin rumbu ana karanta shi lafiya lau. Da na nemi shiga dosiyena na da, Windows ya ce ba ni da izini, don a wurinsa mai dosiyen wani mutum ne daban. Aka danna ci gaba, ya ɗan yi jim, ya buɗe. Yaron ya ja mini kunne: in wata rana na jona diski, taga ta fito tana cewa sai an yi mishi formataj ko an "shirya" shi kafin a yi amfani da shi, kada in kuskura in ce to. In rufe, in kira shi.

Kafin mu fara kwafa ya sa wata ƴar manhaja ta kyauta, CrystalDiskInfo. Ashe kowane diski yana riƙe da littafin lafiyarsa a cikinsa: awa nawa ya yi yana aiki, sau nawa aka kunna shi, zafinsa, da wurare nawa suka lalace a jikin farantinsa. Manhajar tana nuna shuɗi in lafiya, rawaya in a yi hattara, ja in abu ya ɓaci. Nawa rawaya ya nuna. Ya yi aiki sama da awa dubu 38. Shekara guda awa 8,760 ce, wato ya fi shekara huɗu yana juyawa ba dare ba rana in aka haɗa. Kuma akwai wuraren da ya kasa karantawa yana jiran ya ga ko za su gyaru.

Diskin da na rantse lafiyarsa lau ke nan. In ka san abin da ke cikinsa ma sai ka yi mamakin yadda ya kai haka. Faranti ne mai maganaɗisu yana juyawa sau 7,200 a minti, da wani ɗan hannu mai kai kamar allura yana shawagi a samansa, tazarar da ke tsakaninsu ko ƙwayar ƙura ta fi ta kauri nesa ba kusa ba. Duk faɗuwa, duk bugun tebur, duk ɗaukewar wuta yana tsakiyar rubutu, yana iya barin tabo. Da na samu yadda nake so, da a kan wannan zan ɗora sabon Windows, mai karatu da rubutu a diski ba hutawa, in ci gaba da zuba mishi amanar mutane.

Yaron ya ce kada mu sa shi wani aikin gyara ko tsefe fayiloli, duk wahalar da shi ne. Mu fara kwashe abin da ya fi muhimmanci, sauran su biyo baya. Muka fara da dosiyen sikane, giga 40 da ɗoriya. Yana tafiya, sai ya tsaya, ka ji ɗan ƙas-ƙas, sai ya ci gaba. Fayil goma sha ɗaya suka ƙi kwafuwa. Muka sake gwada su ɗaya bayan ɗaya, bakwai suka zo, wasu cikakku wasu da rauni, huɗu har yau ba su zo ba.

Sai neman takardar. Nan na ga sakacina ƙiri-ƙiri, don ban taɓa sa wa sikane suna ba. Lambobi ne kawai, hoto na kaza, hoto na kaza, sun fi dubu tara. Na aika aka kira dattijon. Na ce, "Baba, wace shekara ce ka kawo ta?" Ya ce shi bai riƙe shekarun nasara ba, amma shekarar da aka yi zaɓen shugaban ƙasa ce, wanda aka je zagaye na biyu da zafi ya fara, kuma bayan Sallar layya ne da ƴan kwanaki, don ya tuna ya kawo mini soyayyen nama a leda. Naman kam na tuna shi. Zaɓen 2016 ke nan, layya kuma a watan Satumba ta faɗo a shekarar. Na jera hotunan bisa kwanan wata, na shiga Satumba, muna buɗewa ɗaya-ɗaya, shi yana bayana ya dafa kujera.

Shafi biyu ce. Na biyun ya fito garau: sunayen shaidu uku, dangwalen yatsu, da hatimin mai gari. Na farkon yana cikin waɗanda suka zo da rauni. Rabin sama ya fito, daga tsakiya zuwa ƙasa kuwa toka-toka ne kawai, kamar an shafe da siminti. Wurin da aka faɗi iyakokin gonar, gabas da wane, yamma da wane, ya tafi. Amma kan takardar yana sama, inda aka rubuta da Faransanci cewa shaidar sayarwa ce, da sunan mai sayarwa da na mai saye da kuɗin da aka biya. Kalmar da ake rigima a kanta ta tsira.

Na karanta mishi, na fassara. Ya ce in sake. Na sake. Ya ce, "Alhamdu lillahi," ya zauna ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

Kada in yi muku ƙarya, hoton takarda ba takarda ba ne, kuma na gaya mishi haka tun a wurin. Amma ya ba shi abin da zai fara da shi. Cikin shaidun uku ɗaya na da rai, kuma mai garin da ya buga hatimin ɗansa ne ke kan gadon yanzu. An yi zama ɗaya, an ɗaga zuwa wani. Maganar ba ta ƙare ba har yau da nake rubutun nan, amma bana ma shi ya noma gonar.

Akwai wani gefen da ya dame ni a kwanakin da na yi ina tone-tonen nan. Cikin hotuna dubu tara na ga katin ɗan ƙasa na mutane, takardun asibiti, takardun saki, takardun bashi, abubuwan da masu su ba su san suna wurina ba, wasu ma sun rasu. Da diskin ya ƙi aiki gaba ɗaya, da wataƙila na bai wa yaran da ke sayen tsofaffin ƙarafa shi a jaka ɗaya. Kuma da muka sayi wani diski na hannu mai tera 1 don kwafe sauran kayan, muna jona shi muka tarar da hotunan wasu iyali na wata ƙasa, bikinsu da jariransu, ba wanda ya goge. Formataj na sauri da aka saba yi ba ya share abin da ke ciki, teburin kawai yake sharewa, mai manhajar tono zai iya dawo da da yawa. Wanda ake cire wa alamar "sauri", mai ɗaukar awoyi, shi ne ke bin diskin gaba ɗaya yana rubuta sifili a kai. Shi muka yi wa na mutanen kafin mu zuba namu. Na kuma zauna na goge takardun asibiti da na saki da na tarar a nawa, tunda ba wanda ya ce in ajiye mishi.

Wasu abokan sana'a da na ba labarin sun ce to ashe dai a jefar da tsohon diski kawai. Ni ban ce haka ba. Kuɗi ne, kuma a halin da ake ciki ba mai jefar da giga 500. In manhajar nan ta nuna shuɗi, kuma ba ka jin wata baƙuwar ƙara, sa shi na biyu ka zuba mishi kaya, zai iya ƙara maka shekaru. Ko na kwamfutar hannu, ɗan ƙaramin nan, yana shiga babbar kwamfuta da wayoyi iri ɗaya, ko a sa shi a ɗan kwanso ya zama na tafi-da-gidanka. Wanda diskinsa ke kulle da BitLocker kuma ya nemo lambobin buɗewarsa tun tsohon injin na numfashi, don sabon allo sai ya tambaye su. Abin da ba zan sake yi ba shi ne in bar wani, ko ni kaina, ya kai hannu ga teburin diski alhali abin da ke ciki ba shi da na biyu.

Nawa yana nan cikin sabon injin. Na bar mishi waƙoƙi da wa'azozi da fina-finan da yara ke zuwa a tura musu a salula, abin da in ya tafi gobe ba wanda zai zo ya zauna mini bisa benci. Aikin mutane yana kan SSD, duk ranar Alhamis kafin in rufe shago ina kwafe shi a mai tera ɗayan, in tafi da shi gida a aljihun babur. Batirin ondilar ma na canza.

Dattijon na buga mishi kwafi uku, na sa kowanne a leda mai kauri. Ɗaya yana wurinsa, ɗaya wurin babban ɗansa. Na ukun ya dawo mini da shi ranar Juma'ar da ta biyo baya, ya ce in sake sa shi cikin injin. Na ce, "Baba, ai daga cikin injin ya fito." Ya ce ya sani, amma wancan tsohon inji ne, shi a sabon yake so. Na karɓa na yi sikane ɗinsa a gabansa, na rubuta sunansa da sunan garin da gonar take a kan fayil ɗin, na juya ekaran ya gani.